Fasahar Sarrafa Lantarki a Gida: Yadda Take Aiki da Yadda Take Sauya Lokutan Ayyukan Iyali

Fasahar sarrafa lantarki a gida suna ne da ya tattara na'urorin da ke auna wutar da gida ke sha, su nuna wa mai gida lissafin, sannan su kunna kayan wuta ko su kashe su bisa umarnin da aka ba su tun da farko. Daga cikinsu akwai mitar kati, da inbata mai haɗe da faifan sola da batir, da soket mai agogo ko mai karɓar umarni daga wayar salula, da kwan lantarki mai kunna kansa idan duhu ya yi ko ya ji motsi. Turawa kan kira gidan da aka ƙawata da irin waɗannan kaya gida mai basira. Sunan ya ɗan zarce gaskiya, domin babu ɗaya daga cikin na'urorin da ke ƙara wa gida wutar da ba shi da ita, in ban da faifan sola. Aikinsu shi ne aunawa da tsara lokaci. Ribar da ake samu kuwa tana fitowa ne daga sauyin da mutanen gida suka yarda su yi a lokacin guga, da bugo ruwa, da dafa ruwan wanka, da buɗe firiza.

Asalinta

A shekarar 1975 wani kamfani a Sikotland mai suna Pico Electronics ya ƙirƙiro tsarin X10, wanda ke aika umarnin kunnawa da kashewa ta cikin wayoyin wutar gida. Daga nan aka soma. Bayan shekara uku, a 1978, Birtaniya ta fito da farashin wuta mai suna Economy 7, wanda ya sa wutar awa bakwai na dare ta fi ta rana araha, don a rage cunkoso a kan tashoshin samar da lantarki. Iyalai suka koma dafa ruwa da ɗumama ɗaki da tsakar dare, agogo na kunna musu na'urorin suna barci. Italiya ce ta fara rarraba mita mai aika lissafi kai-tsaye ga kamfani a faɗin ƙasa: kamfanin Enel ya soma a 2001, cikin 'yan shekaru ya sanya kimanin miliyan 30. A Amurka kuma na'urar Nest, mai koyon lokutan da mutanen gida ke son ɗumi ko sanyi, ta fito a 2011, Google ya saye kamfanin a 2014 kan dala biliyan 3.2.

Duk waɗannan an gina su ne a kan abu ɗaya: wuta tana nan dare da rana, farashinta ne kawai ke hawa da sauka. Tambayar magidanci a Landan ita ce yaushe wuta ta fi araha. Tambayar magidanci a Kano ko Kaduna ita ce yaushe za a kawo ta, kuma awa nawa za ta yi kafin a ɗauke. Saboda haka na'urar da aka ƙera don amsa tambaya ta farko ba lallai ta amsa ta biyu ba, kuma wannan ne ya kamata mai saye ya riƙa tunawa a gaban kowane kwali mai kyan hoto.

Mitar kati da lissafin yunit

A Nijeriya ƙofar shiga wannan fasaha ita ce mitar kati. Mai gida ya biya kuɗi, a ba shi lambobi 20, ya danna su a mita, yunit su hau. Tsarin lambobin ya samo asali ne daga Afirka ta Kudu a farkon shekarun 1990. A cikin kowace lamba akwai ɓoyayyen lissafin mintunan da suka shuɗe tun daga 1 ga Janairun 1993, wanda ke hana a loda kati ɗaya sau biyu. Ma'ajin wannan lissafi ya cika ranar 24 ga Nuwamban 2024, abin da ya sa kamfanonin rarraba wuta irin su KEDCO da AEDC da Kaduna Electric suka yi ta kiran jama'a su karɓi lambobi na musamman su sabunta mitocinsu kafin ranar.

Hukumar kula da harkar lantarki ta ƙasa, NERC, ta kasa masu amfani da wuta rukuni biyar tun 2020, gwargwadon awannin da aka yi musu alkawari a kullum: Rukunin A aƙalla awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga farashin yunit ɗaya na Rukunin A daga ƙasa da Naira 70 zuwa Naira 225, daga baya aka ɗan rage shi zuwa sama da Naira 200 kaɗan. Wannan ƙari ya zo ne ƙasa da shekara ɗaya bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, wanda ya riga ya sa tayar da janareto ya zama abin da ake shawara a kansa. Tun daga lokacin lissafin yunit ya shiga hirar ma'aikata a ofis da ta 'yan kasuwa a rumfa. Har yanzu kusan rabin masu hulɗa da kamfanonin ba su da mita, ana yanka musu kuɗi ne bisa ƙiyasi. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a wannan harka mai biya ya fi son mudun. Wanda ba shi da mita ba ya cin moriyar tsimin wuta, domin ko ya kashe komai takardar da za a kawo masa ba za ta nuna ba.

Yunit ɗaya shi ne wutar da na'ura mai ƙarfin wat 1,000 ke sha cikin awa ɗaya. Kowace na'ura tana da ƙarfinta a rubuce a jikinta ko a ƙarƙashinta. Dutsen guga yakan kai wat 1,000, ke nan gugar awa ɗaya na iya cin kusan yunit ɗaya. Fankar sama tana shan kimanin wat 70, idan ta kwana tana juyawa awa takwas ta ci rabin yunit da ɗoriya. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana shan kimanin wat 1,200, don haka a daren bazara, lokacin da injinta ba ya samun hutu, tana iya kusantar yunit tara. Idan aka ɗauki yunit a kan Naira 200 don sauƙin lissafi, wannan Naira 1,800 ne a dare ɗaya, sama da Naira 50,000 a wata, a ɗaki guda. Dafa bokitin ruwa mai lita 20 har ya yi ɗumin wanka a lokacin hunturu yana cin fiye da rabin yunit, kuma gidan da ke da yara biyar masu zuwa makaranta ya san bokiti nawa ake ɗorawa kafin ƙarfe bakwai.

Kwan lantarki ne ya fi nuna bambanci. Tsohon kwai mai wat 60, guda goma, a kunne awa shida, suna cin yunit 3.6 a rana. Kwai na zamani mai wat 9 da ke ba da haske kwatankwacin wancan, guda goma a awannin nan, bai wuce yunit 0.54 ba. Ratar ta haura yunit 90 a wata. Wannan sauyi ba ya buƙatar manhaja ko intanet, kuma ya fi yawancin na'urorin da ake tallatawa da sunan basira mayar da kuɗinsa da wuri. Akwai kuma wutar da ke tsiyaya a ɓoye: dikoda da talabijin da aka kashe da rimot amma aka bar su a jone suna ci gaba da sha kaɗan-kaɗan. Wat 10 kacal da ba ya tsayawa dare da rana ya kai yunit bakwai a wata.

Ganin lissafi kaɗai yana sa mutane su rage. Wani nazari da Sarah Darby ta Jami'ar Oxford ta fitar a 2006 ya nuna cewa gidajen da ke ganin abin da suke sha nan take kan rage tsakanin kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari. Manyan gwaje-gwajen da aka yi a Birtaniya daga baya sun samu ƙasa da haka, wajen kashi 3, domin ɗoki na sabon abu yakan lafa, allon ya koma kamar agogon bango da ba a kallo. Mitar kati ta fi wannan allo tasiri ta wata fuska guda: idan yunit ya ƙare wuta tana yankewa, kuma ƙarar da mitar ke yi kafin hakan ba ta barin kowa ya manta da ita.

A gidajen haya da shagunan da ke raba mita ɗaya, ƙaramar mitar da ake sa wa kowane ɗaki ta kashe rigingimu da yawa. Kafin zuwanta ana raba kuɗi ne da ƙidayar kwai da fanka, mai rediyo ya biya wa mai firiza.

Inbata, batir da rana

Inbata ita ce ke juya wutar batir zuwa irin wadda kayan gida ke amfani da ita. Ta zamani, wadda ke haɗa layi uku, tana karɓar wuta daga faifan sola da batir da layin kamfani, kuma ana iya tsara mata wanda za ta fara ɗauka. Mai son tsimin yunit yakan sa ta fara da rana, sannan batir, ta bar wutar kamfani a ƙarshe. Wanda ke unguwar da wuta ba ta da tabbas yakan sa ta riƙe batir a cike, ta sha wutar kamfani duk lokacin da aka kawo. Da yawa daga cikinsu suna da manhajar da ke nuna wa mai gida a wayarsa, ko yana kasuwa ko yana ofis, nawa rana ke bayarwa, nawa gida ke sha, da saura nawa a batir.

Batir shi ne ɓangaren da ya fi tsada kuma ya fi saurin mutuwa, don haka dukkan hikimar tsarin tana komawa ga kare shi. Batir mai ruwa da aka rubuta wa bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗaukar kimanin yunit 2.4, amma idan ana son ya yi ƙarko ba a shan fiye da rabinsa kafin a sake caji. Ke nan abin da ake mora bai wuce yunit 1.2 ba, wato gugar awa ɗaya da 'yan mintuna ta isa ta cinye shi. Batirin litiyom yana yarda a sha kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari, yana kuma yin shekaru fiye da mai ruwa, sai dai kuɗin farko ya fi nauyi. Zafi yana rage wa kowanne daga cikinsu kwana, saboda haka ajiye su a rufaffen sito da rana ke dukan kwanonsa asara ce a hankali.

A nan ne jadawalin gida ke juyewa. A arewacin Nijeriya faifan sola yana samun kwatankwacin awa biyar zuwa shida na cikakkiyar rana a yini, mafi ƙarfinta daga hantsi zuwa bayan azahar. Wutar da aka sha a wannan tsakanin tana zuwa kai-tsaye daga faifai, ba ta taɓa batir. Don haka ayyuka masu nauyi, irin su guga da bugo ruwa zuwa tanki da injin wanki da markaɗe da daskarar da firiza, wurinsu tsakar rana ne, a bar wa dare fitila da fanka da cajin waya. Gidan da ya saba guga da asuba kafin fita aiki, ko bayan isha'i idan an gama hidima, shi ne zai kashe batirinsa cikin ɗan lokaci ya ce kayan ne ba su da kyau.

Tankin ruwa da firiza su ma wata irin ma'ajiyar wuta ce, kuma sun fi batir araha. Ruwan da aka buga sama da rana yana saukowa da kansa da dare. Firizar da ta daskare da rana tana riƙe sanyinta: hukumomin kula da abinci na Amurka sun ce cikakkiyar firiza da ba a buɗewa tana iya kare abinci kusan awa 48 babu wuta, mai rabi kuma awa 24, firji kuwa kimanin awa huɗu. A zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri gara a rage wa waɗannan alƙaluma. Matan da ke sana'ar ƙanƙara da zoɓo da kunun aya sun daɗe da sanin wannan ba tare da manhaja ba, suna cika gurbin da ya rage da gorunan ruwa, suna hana yara buɗewa barkatai.

Akwai abin da masu sayar da kayan ba sa faɗa. Awannin da rana ke ba da wuta su ne awannin da maigida ke kasuwa ko ofis, yara suna makaranta. Nauyin sauya jadawalin yana faɗawa ne a kan wadda ke gida, ko mai aiki, kuma a gidan da mata da miji duk ma'aikata ne babu kowa. Sau da yawa maigida ne ke da manhajar a wayarsa, yana ganin batir na sauka, ya bugo waya yana tambayar wa ya kunna me, alhali uwargida da ke tafiyar da girki da wanki ba a nuna mata yadda ake karanta allon ba. Tsarin da aka kafa ba tare da shawararta ba yakan rushe cikin makonni. Abin da ya fi dacewa shi ne manhajar ta kasance a wayoyin biyu, a kuma zauna a yi jadawalin tare tun kafin a kira mai haɗawa, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. A watan azumi jadawalin yana buƙatar sabon zama, domin dafa sahur da neman ruwan sanyi a buɗa-baki duk suna faɗowa ne a lokutan da faifai ba ya ba da komai.

Faifan kansa yana son kulawa. A Nijeriya ana fuskantar da shi kudu, a ɗan karkace. Ƙurar hunturu tana rage masa ƙarfi ƙwarai, sai an riƙa wanke shi da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe, kafin gilashin ya yi zafi. Tsananin zafi ma yana rage abin da yake bayarwa, kimanin kashi 0.4 cikin ɗari a kan kowane digiri da faifan ya haura 25, shi ya sa ake barin rata tsakaninsa da kwano don iska ta ratsa. Ga wanda ba shi da kuɗin saye gaba ɗaya akwai tsarin biya kaɗan-kaɗan ta waya, wanda kamfanin M-KOPA ya shahara da shi a Kenya, kamfanin Lumos kuma ya kawo irinsa Nijeriya tare da MTN. Na'urar tana kulle kanta daga nesa idan biya ya tsaya, ta buɗe idan an biya. Jimillar abin da ake biya ta wannan hanya ta fi kuɗin hannu yawa, ya kamata a lissafa ta kafin a sa hannu.

Soket mai agogo da makamantansa

Wannan soket ne ke cike gurbin mutumin da ba ya gida. Ana jona shi tsakanin bango da na'ura, a ce masa ya kunna famfon ruwa ƙarfe goma sha ɗaya ya kashe sha biyu, ko ya yanke wa firiza wuta da magariba ya mayar mata da hantsi. Wasu suna auna yunit ɗin da na'urar ta sha, kuma mako ɗaya da irin wannan a bayan tsohon firji ya isa ya nuna ko gyaran robar ƙofarsa ko sauya shi ya fi riba.

Iri uku ne a kasuwa, kuma bambancinsu yana da muhimmanci a ƙasar da ake ɗauke wuta. Mai faifan agogo da ke juyawa ya fi araha, amma agogonsa da wutar yake tafiya: idan an ɗauke ta awa biyar ya tsaya awa biyar, washegari sai ya kunna famfo da la'asar yana zaton hantsi ne. Mai allon lambobi yana da ƙaramin batir a ciki da ke riƙe masa lokaci, shi ya fi dacewa da yawancin gidaje. Mai haɗuwa da waya kuma yana buƙatar intanet na gida, wanda shi ma sai da wuta da data, don haka sai an ɗora na'urar intanet ɗin a kan inbata kafin a dogara da shi. A cikin manhajar irin wannan soket akwai zaɓin da ya fi duk sauran amfani a nan: a umarce shi ya zauna a kashe idan wuta ta dawo, har sai mutum ya kunna da kansa. Dutsen guga ko hitar ruwa da aka manta a jone lokacin da aka ɗauke wuta, aka kulle gida ko shago aka tafi, sanannen mafarin gobara ne.

Kowane soket yana da iyakar nauyin da zai ɗauka a rubuce a jikinsa. Mai amfiya 10 ba ya wuce kimanin wat 2,300, kuma injin famfo da na firji da na sanyaya ɗaki suna fizgar ninkin ƙarfinsu a daƙiƙar da suka tashi. Irin waɗannan suna buƙatar mai amfiya 16, manyan injina kuma sai ma'aikacin lantarki ya sa musu makunni na musamman a allon rarraba wuta. Araha ba ta ado: soket marar suna da ke ɗaukar zafi a hannu bayan rabin awa a cire shi. Ga firji da talabijin akwai ƙaramar na'urar kariya da ke yanke wuta idan ta yi yawa ko ta yi ƙasa, ta kuma jira 'yan mintuna bayan an kawo wuta kafin ta sake ta, lokacin da layi ya daidaita.

Fitilar waje mai kunna kanta da magariba ta mutu da wayewar gari, da ta bayi ko zaure mai jin motsi, sun magance fitilun da ke wuni a kunne. Makunnin tanki mai yawo a kan ruwa, wanda ke kashe famfo idan tanki ya cika, ba shi da tsada, kuma yana tsimin ruwa da wuta a lokaci guda.

Na'urorin da ke haɗe da intanet suna aika bayanai zuwa rumbunan kamfanonin da suka ƙera su, galibi a wajen ƙasa. Jadawalin shan wuta yana bayyana lokacin da mutanen gida ke tashi, da lokacin fitarsu, da makon da suka yi tafiya. Masu haɗa inbata sukan buɗe asusun manhajar da imel ɗinsu da lambar sirrin da suka zaɓa, su tafi da ita, wani lokaci da kyakkyawar niyyar lura da kayan daga nesa. Mai gida yana da haƙƙin a buɗe asusun da sunansa, ya sauya lambar sirri ranar da aka gama aiki, idan kuma gyara ya taso ya ba mai gyaran izini na ɗan lokaci ya janye bayan an kammala.